Tarko a Tsakiyar Hanya: Littattafan da Suka Sauya Fasalin Filin Golf

A farkon shekarun 1900, 'yan ƙungiyar golf ta Woking, wani gari da ke kudu maso yammacin Landan, suka ga an haƙa ramukan yashi a tsakiyar zango na huɗu na filinsu, daidai inda ƙwallon gwani ke sauka idan bugunsa ya yi kyau. Surutu ya tashi. Lauyoyin Landan ne suka kafa ƙungiyar a 1893, mutanen da sana'arsu ita ce auna laifi da hukunci, kuma ƙorafin nasu na lauyoyi ne: ta yaya za a hukunta wanda bai yi kuskure ba? Mutum ya miƙe bugunsa sak, ya tura ƙwallo nesa, sa'annan ya je ya same shi a cikin yashi. Waɗanda suka yi wannan aika-aika, a ganin masu ƙorafin, 'yan uwansu ne biyu a ƙungiyar, Stuart Paton da John Low. A 1903 Low ya fitar da wani ɗan littafi mai suna Concerning Golf, inda ya shimfiɗa hujjarsa.

Ga wanda bai saba da wasan ba, wanda wasu kafofin labarai ke kira ƙwallon lambu, cikakken fili zango 18 ne. Kowane zango yana da mafari, inda ake yin bugun farko, da sarari mai gajeriyar ciyawa inda ake son ƙwallo ya sauka, da dandali mai santsi a ƙarshe inda gurbi yake, an kafa masa tuta. Wanda ya kammala da mafi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Tsakanin mafari da gurbi kuwa akwai tarkuna: ramukan yashi, ruwa, doguwar ciyawa, iyakar fili. Gardamar da Low ya buɗe, wadda ta ci gaba a littattafai da mujallu har zuwa 1929, a kan tambaya ɗaya take: ina ya kamata a ɗana tarkon? Amsar da shi da magadansa suka bayar ita ce adalci ba ma'aunin kyawun fili ba ne, yawan zaɓin da fili ke ɗora wa ɗan wasa shi ne ma'auni. Amsar tana nan daram, ko da yake dalilan shakkarta a yau sun fi na kowane lokaci ƙarfi.

Kafin Low, tsarin da ake bi a fili yake. A shekarun 1890 wasan ya ƙetaro daga Sikotland ya mamaye Ingila, ƙungiyoyi suka yi ta ɓullowa a gefen kowane babban gari, yawanci a kan makiyaya mai laka wadda ba ta da tudu ba ta da kwari. Sai a kira ƙwararren ɗan wasa ya zo ya yini, ya kakkafa turaku, ya karɓi ladansa ya hau jirgin ƙasa. Tom Dunn, wanda shi ne ya fara tsara filin Woking, ya fi kowa suna a wannan aiki. Salonsa shi ne a yanka doguwar lambatu ta yashi daga wannan gefen sarari zuwa wancan, a tayar da ganuwar ƙasa a bayanta, ɗaya a gaban mafari, ɗaya a gaban dandali. Wanda ya ɗaga ƙwallo ya tsallake, wanda ya daki kan ƙwallo ya gangara da shi ƙasa ya faɗa. Daga baya aka ƙara ramuka a dama da hagu domin wanda bugunsa ya karkace. Wannan ita ce mazhabar horo, kuma a Amurka ta kai maƙura a filin Oakmont da Henry Fownes ya gina a 1903, inda a wancan zamanin har jan yashin ake yi da manjagara mai manyan haƙora domin ƙwallo ya nutse a kunya.

Ba za a ce mazhabar horo wauta ba ce. Tana da tsabtar lissafi: girman kuskure, girman hukunci. Illarta ita ce ba ta tambayar ɗan wasa komai sai abu guda, wato ko hannunsa zai aikata abin da aka umarce shi. Hanya ɗaya ce, an riga an zaɓa masa. Gwani ba ya ko ganin tarkunan, domin ƙwallonsa ta sama yake wuce su, shi kuwa ɗan koyo, wanda rashin iyawarsa ma horo ne, shi ne ke kwana a cikin yashi. Filin da aka gina domin adalci sai ya ƙare yana dukan mai rauni yana ƙyale mai ƙarfi.

Abin da Low ya gani a St Andrews

Low ɗan Sikotland ne, ya yi karatu a Cambridge, kuma gwani ne na gaske: shi ya zo na biyu a gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya a 1901. Makarantarsa ita ce tsohon filin St Andrews, wanda ba wanda zai ce ga mutumin da ya tsara shi. Jigawa ce a bakin teku, iska da ruwan sama da dabbobin kiwo da ƙafafun 'yan wasa suka sassaƙa ta cikin ɗaruruwan shekaru, aka tsayar da ita a zango 18 a 1764. A da siririyar hanya ce tsakanin sarƙaƙƙiyar ƙaya, masu fita da masu dawowa suna bin layi guda. Da 'yan wasa suka yi yawa a ƙarni na 19, sai aka sassare ƙayar aka faɗaɗa sarari, aka faɗaɗa dandali har zango biyu suna tarayya a kan guda (bakwai irinsu suna nan har yau). Ramukan yashi kuwa ba wanda ya cike su. Suka zauna inda suke, a warwatse a tsakiyar fili mai faɗi, wanda yanzu akwai wurin bi ta damansu da ta hagunsu. Cunkoso ne ya haifi dabara, ba hikimar wani ba. Hikimar Low ita ce ya tsaya ya tambayi kansa dalilin da ya sa filin da ya karya kowace ƙa'idar Dunn ya fi duk filayen Dunn daɗin wasa.

Amsar da ya rubuta ta juya tsohon tunani ne ta kifa shi. Amfanin ramin yashi, a wurinsa, shi ne ya kama bugu mai kyau wanda kyansa bai kai ba. Mummunan bugu ya riga ya hukunta kansa, tunda ya bar mai shi nesa da gurbi a mugun wuri, saboda haka kashe kuɗi a haƙa masa rami ɓarna ce. Wurin da ya cancanci tarko shi ne gefen hanyar da gwani ke kwaɗayin bi, ta yadda duk wanda ya matso kusa da haɗari ya tsira zai sami sauƙin bugu na gaba, wanda ya kauce nesa kuma ya sayi kwanciyar hankali da wahalar da ke jiransa a gaba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Daga nan ne Low ya ƙi yarda da cewa akwai ramin da za a kira na zalunci saboda wurin da yake: ramin a bayyane yake, ɗan wasa ya san da shi tun yana kan mafari, shi ya zaɓi ya yi kasada.

Zango na huɗu na Woking wannan tunani ne aka rubuta da shebur. Layin dogo ya bi ta damansa, kuma duk ƙwallon da ya ƙetara can ya fita daga fili. Tsakanin layin dogon da ramukan tsakiya akwai ɗan siririn lungu. Wanda ya ratsa ƙwallonsa ta lungun zai tarar dandali a buɗe a gabansa. Wanda ya tsorata ya bi ta hagu, inda sarari yake yalwatacce, ba abin da zai same shi a bugun farko, amma na biyu sai ya tsallake wani rami zuwa dandalin da ke gangarewa yana guje masa. Wanda kuma ya ga dama ya tsaya kafin ramukan. Kwaikwayo ne na zango na 16 a St Andrews, inda wasu ramuka uku da ake wa laƙabi da hancin shugaban jami'a suke tsaye a tsakiya, layin dogo kuma a dama har zuwa 1969. Ana ruwaito cewa wani matashin lauya, Tom Simpson, da ya ji 'yan ƙungiya suna ta tsine wa ramukan, ya fita ya tsaya ya ƙura musu ido, ya dawo ya yanke shawarar barin lauya ya koma tsara filaye.

Me ya sa sai da aka rubuta? Domin St Andrews ba ya tafiya. Wanda bai yi wasa a kansa sau da dama ba, a iska daban-daban, ba zai gane shi ba, kuma baƙo na ganin farko yakan raina shi. Bobby Jones, gwarzon Amurka, ya fusata ya janye daga gasa a can a 1921, kafin daga baya ya zama babban masoyin filin. Rubutu ne ya ciro ka'idar daga cikin jigawar ya sa ta a jakar matafiyi. Bernard Darwin, jikan masanin halittu Charles Darwin, wanda shi ma lauya ne da ya koma rubuta labarin golf a jaridar The Times da mujallar Country Life, ya fitar da The Golf Courses of the British Isles a 1910, ya koya wa masu karatu su tattauna zango kamar yadda ake tattauna shari'a mai sarƙaƙiya. A 1914 Country Life ta sa gasar zana zango mafi inganci, da alƙawarin za a gina shi a filin Lido da Charles Blair Macdonald ke yi kusa da New York. Wani likita daga Leeds, Alister MacKenzie, ya ci gasar da zanen da ya ba ɗan wasa hanyoyi da dama zuwa dandali ɗaya.

Littafin MacKenzie, Golf Architecture, ya fito a 1920, shekarar da Harry Colt da C. H. Alison suka fitar da nasu, Some Essays on Golf Course Architecture. MacKenzie ya yi aikin likitan soja a yaƙin Boer a Afirka ta Kudu, inda ya ga yadda mayaƙan Boer ke haƙa ramukan da ido ba ya raba su da ƙasar Allah, ya kuma koma masanin ɓad da kama a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ya jera sharuɗɗa 13 na kyakkyawan fili, kuma abin lura shi ne yawan waɗanda suka shafi mai rauni. Dole a bar masa wata hanya ko da za ta ci masa ƙarin bugu. Kada a ɓata masa rai da neman ƙwallo a cikin ciyawa. Ya iya jin daɗin yininsa ko da lissafinsa ya yi muni. Ya kuma zana taswirar zango na 14 a St Andrews yana nuna yadda 'yan wasa masu ƙarfi daban-daban za su bi hanyoyi daban-daban, kowa yana da dalilinsa. Ƙaramin taken littafin ma a kan tsimi yake, wato rage kuɗin gini da na kula da fili, domin ramuka kaɗan da aka ajiye da tunani sun fi ramuka ɗari araha. Wannan ɓangaren ne aka fi saurin mantawa.

Farauta ce ko jarrabawa?

Mazhabar horo ba ta miƙa wuya ba. A tsakiyar shekarun 1920 wani Ba'amurke daga Boston, Joshua Crane, ya ƙirƙiro tsarin ba filaye maki: a auna faɗin sarari, da yadda tarkuna ke tsare kowane gefe, da ingancin ciyawa, a haɗa a fitar da jimilla. Da ya auna manyan filayen Birtaniya, St Andrews ya faɗo ƙasan jeri. Crane ba jahili ba ne, kuma hujjarsa ita ce hujjar da kowane mai son gasa ke ji a ransa: idan wasa gwajin gwaninta ne, to a rage sa'a iyakar iyawa, a tabbatar kowane kuskure ya gamu da sakamakonsa.

Wanda ya fi ba shi amsa mai zurfi shi ne Max Behr, tsohon editan mujallar Golf Illustrated ta New York, mutum mai wahalar karantawa, wanda jimlolinsa kan yi nisan zango kafin su sauka. Behr ya raba wasanni gida biyu. Akwai waɗanda ake yi a cikin layukan da mutum ya shata, kamar tanis, inda filin kowa iri ɗaya ne domin abokin hamayya shi ne ɗan Adam. Akwai kuma irin farauta da su, inda daji ko kogi ne abokin karawa, kuma ba maharbin da ke tuhumar daji da rashin adalci domin barewa ta bi ta inda bai zata ba. Golf, in ji Behr, daga gida na biyu ya fito, kuma duk ƙoƙarin mayar da shi jarrabawa mai amsa ɗaya yana cire masa rai. Ya ce idon ɗan wasa kullum yana jan sa zuwa miƙaƙƙen layi daga mafari zuwa tuta, aikin mai tsara fili kuwa shi ne ya katse wannan layi da tarko, ya bar ɗan wasa ya nemo wa kansa wata hanya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Har doguwar ciyawar gefe Behr bai so ba, domin a ganinsa tana yi wa ɗan wasa tunanin da ya kamata ya yi da kansa.

Cikin shekaru huɗu littattafan suka biyo juna. Robert Hunter, masanin zamantakewa da ya yi suna da littafinsa a kan talauci a Amurka, ya fitar da The Links a 1926. George Thomas ya fitar da Golf Architecture in America a 1927, Macdonald ya kawo Scotland's Gift a 1928, Simpson da H. N. Wethered suka rufe da The Architectural Side of Golf a 1929. Ƙarfin waɗannan littattafai shi ne marubutansu sun gina abin da suka faɗa. Zango na 10 na filin Riviera da Thomas ya tsara a Los Angeles bai fi yadi 315 ba, gwanin yau yana iya kai ƙwallo dandali da bugu ɗaya, amma dandalin siriri ne a karkace, kuma kusan kowace shekara ana ganin manyan ƙwararru suna tsalle daga wannan rami zuwa wancan, garin neman gira a rasa ido. A zango na 16 na Cypress Point a Kalifoniya, wanda MacKenzie ya tsara Hunter ya kula da gininsa, jarumi yana tsallake teku kai tsaye, mai hankali ko mai rauni yana da tudun da zai sauka a hagu. Filin Augusta National, wanda MacKenzie ya yi tare da Bobby Jones, an buɗe shi da sarari mai faɗin gaske da ramukan yashi ƙasa da talatin. MacKenzie ya rasu a Janairun 1934, 'yan watanni kafin gasar farko a can.

Akwai wani abu a cikin waɗannan rubuce-rubuce da bai kamata a rufe ido a kai ba. Low da Colt da Darwin da Simpson 'yan jami'a ne masu hali, suna wasa don sha'awa, waɗanda suke suka kuwa ƙwararru ne 'ya'yan talakawa da suka tashi suna ɗaukar wa masu kuɗi sanduna. Simpson, wanda direba ke kai shi wurin aiki a motar Rolls-Royce, yana kiran zamanin su Dunn zamanin duhu. Mai alƙalami shi ke rubuta tarihi. Gaskiyar ita ce Dunn yana aiki ne da ɗan abin da ƙungiyoyi ke iya biya, a kan ƙasar da suka iya samu, kuma ƙwararre irin Willie Park ƙarami, wanda littafinsa The Game of Golf na 1896 ya ƙunshi babi a kan tsara fili, shi ne ya gina Sunningdale da Huntercombe a 1901, filayen da suka nuna cewa ana iya yin fili na gari nesa da teku. James Braid ma ya yi rubutu mai ma'ana a kan batun a Advanced Golf na 1908. Girman kan masu ra'ayi bai ɓata ra'ayin ba, sai dai ya sa rabon yabo ya karkace.

Bayan 1929 karayar tattalin arziki da yaƙi suka tsayar da gine-gine, littattafan suka ɓace daga kasuwa. Da aka dawo, an dawo da katafila da famfunan ban ruwa. Ban ruwa ya sa sarari ya tsuke zuwa iyakar inda ruwan ke kaiwa, kwamitoci suka dasa bishiyoyi a wuraren da aka bari domin zaɓi, talabijin kuma ya koya wa jama'a cewa kore shar shi ne kyau. A 1951 Robert Trent Jones ya matse sararin Oakland Hills da ramuka dama da hagu domin gasar US Open, wannan ya zama abin koyi na shekaru masu yawa. Farfaɗowar ta zo ne ta hanyar karatu. Aka sake buga tsofaffin littattafan, aka gano wani rubutun MacKenzie da bai taɓa fita ba aka buga shi a 1995 da sunan The Spirit of St Andrews, a shekarar kuma Bill Coore da Ben Crenshaw suka buɗe Sand Hills a jigawar Nebraska. Su ne kuma suka cire kimanin eka 35 na ciyawar ban ruwa daga filin Pinehurst na biyu a 2010 zuwa 2011, suka mayar da yashi da ciyawar daji, ruwan da filin ke sha ya ragu ƙwarai.

Hujjar masu lissafi

Babban ƙalubalen yau daga alƙaluma yake zuwa. Mark Broadie, malami a jami'ar Columbia, ya nazarci miliyoyin bugu ya fitar da Every Shot Counts a 2014, kuma darasin da masu horar da ƙwararru suka ɗauka daga irin wannan nazari yana da ɗaci ga almajiran Low. Ko gwanin gwanaye ba ya iya ajiye ƙwallo a lungun da ya ga dama daga yadi 300. Ribar kusurwa mai kyau ƙarama ce, asarar faɗawa tarko babba ce, saboda haka hikima ita ce a kauce wa haɗari, a tura ƙwallo nesa iyakar ƙarfi, a nufi tsakiyar dandali. Idan haka ne, zaɓin da aka yi ta waƙa a kai ruɗi ne, tunda amsa ɗaya ce ke daidai. Kuma a 2022 Cameron Smith ya ci gasar Open a St Andrews kanta da bugu 20 ƙasa da ƙa'ida, wasu zanguna ana kai su da bugu ɗaya.

Wannan hujja gaskiya ce a inda take, amma inda take ƙunci ne. Da farko, mazhabar horo ma ba ta tsira daga ƙarfi ba. A 2020 aka shirya filin Winged Foot da siririn sarari da ciyawa mai kauri, Bryson DeChambeau ya sauka a sarari sau 23 kacal cikin 56, ya kuma ci gasar da tazarar bugu shida. Idan kowa zai faɗa ciyawa, wanda ya faɗa kusa da dandali shi ne da riba. Na biyu, kusurwa tana rasa daraja ne idan ƙasa ta jiƙe, ƙwallo yana faɗowa daga sama ya tsaya cak inda ya sauka. A kan ƙasa mai tauri, inda ƙwallo ke tsalle ya gangara, wurin da aka fito shi ke yanke abin da zai yiwu. Low da MacKenzie a kan irin wannan ƙasa suke tunani, kuma Smith ɗin nan, a zango na 17 a ranar ƙarshe, da ya sami kansa a bayan ramin da ke tsare dandali, sai da ya gangara da ƙwallo ta gefen ramin a ƙasa, abin da ba tebur ɗin lissafin da zai koya wa mutum. Wanda ya taɓa wasa da rani a tsofaffin filayen Jos ko Kano ko Kaduna, da Turawan mulkin mallaka suka bari, ya san wannan ƙasa: lokacin hunturu ƙwallo yana gudu kamar an kore shi, kuma kwamitin da ke ganin wannan a matsayin abin kunya da za a magance da rijiyar burtsatse da dashen itatuwa zai kashe kuɗi ne ya sayi wasan da bai kai wanda yake da shi ba.

Na uku, kuma mafi nauyi, littattafan ba domin ƙwararru ɗari biyu na duniya aka rubuta su ba. An rubuta su ne domin filin da likita mai shekara sittin da matashi mai ƙarfi da mace 'yar koyo za su zagaya tare a yini ɗaya, kowa ya sami tambayar da ta dace da shi. Ramin tsakiya da gwani ke tsallakewa a bugun farko shi ne wanda dattijo ke lissafin kewayawa a bugu na biyu. Sannu ba ta hana zuwa. Filin horo ba shi da abin da zai ba waɗannan mutane sai ɓatan ƙwallo da jinkiri, kuma su ne ke biyan kuɗin ƙungiya.

Inda almajiran Low suke da dalilin damuwa na gaske shi ne ƙwallon kansa, kuma shi ya riga su gani. Lokacin da yake rubuta littafinsa, ƙwallon Haskell, wanda aka naɗe cikinsa da zaren roba, yana korar tsohon ƙwallon ƙaro. Sandy Herd ya ci gasar Open ta 1902 da shi, kowa ya koma kansa domin ya fi tafiya nesa. Low ya yaƙe shi, domin ya gane cewa tarko yana da ma'ana ne kawai idan yana inda ƙwallo ke sauka, kuma duk ƙarin yadi goma yana mayar da ramin da aka ajiye da tunani ya zama ado. Bai yi nasarar hana shi ba. Abin da aka samu shi ne dokar farko ta nauyi da girman ƙwallo a 1921, nisa kuwa ya ci gaba da ƙaruwa, har Augusta ta sayi ƙasar maƙwabta tana ja da mafari baya, tsawonta ya haura yadi 7,500. A Disamban 2023 hukumomi biyu da ke tsara dokokin wasan, R&A ta St Andrews da USGA ta Amurka, suka sanar da sabon tsarin gwajin ƙwallo da suka ce zai rage wa mafiya ƙarfi yadi 13 zuwa 15, kamfanonin ƙwallo da wasu ƙwararru kuma suka fito suna adawa.